Jikan Basarke da bai iya ruwa ba

Bakina ne ya jawo mini. Tun da na zo karatu Jami'ar Ghana da ke Legon, duk wanda ya tambaye ni daga ina nake, ba na tsayawa a kan cewa ni ɗan Yawuri ne ta Jihar Kebbi. Sai na ƙara da cewa garinmu a bakin Kogin Neja yake, kakana Basarke ne da ya shekara fiye da hamsin yana su, kuma a garinmu ake bikin Rigata, inda ake tseren jiragen ruwa. Duk wannan gaskiya ne. Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, ni ɗin nan ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba.

Dalili kuwa Innarmu ce. Tana 'yar shekara goma sha biyu ruwa ya ci ƙanenta a kan idonta, ranar da suka je wanki bakin kogi. Da ta haife ni, ga shi ni ne ɗan fari, sai ta kafa dokar da ba ta taɓa sassautawa ba: ba ni ba kogi. Bayan la'asar yaran unguwa su wuce ta ƙofar gidanmu da gajerun wanduna suna ihu, ni ina zaure da allo. Kakana ya yi magana har ya gaji. A watan Mayun 2021, ina aji biyar na sakandare, jirgin nan da ya ɗauko 'yan kasuwa ya kife kusa da Warra a Ƙaramar Hukumar Ngaski, gomman mutane suka rasu. Daga ranar ko kakana bai sake tayar da zancen ba.

Haka na tashi da ilimin ruwa irin na tudu. Na iya gyaran koma domin na sha zama kusa da tsoho yana ɗinki. Na iya ɗaura ƙugiya yadda ba za ta kwance ba. Ina bambanta karfasa da tarwaɗa da ragon ruwa ko da ido a rufe. Wanda ya ji ina bayani zai rantse a cikin kwalekwale aka yanke mini cibiya.

Wata rana da dare muna ɗaki muna cin waakye, wato shinkafa da wake ta mutanen Ghana, wadda sunanta ma daga Hausa ya fito, sai abokin ɗakina, wani Bahaushen unguwar Nima da ke Accra, ya miƙo mini waya. Bidiyo ne na wasu matasa a cikin ƙananan jiragen roba masu launi, suna tuƙi tsakanin tsibirai masu itatuwan kwakwa, ɗaya yana ɗaga kifi yana dariya. Ya ce a Ada ne, tafiyar kilomita ɗari ko kusa da haka gabas da Accra, inda Kogin Volta yake shiga Tekun Atlantika. Ya ce me zai hana mu haɗa kuɗi mu je idan an yi hutu, mu kafa tanti a kan yashi, mu kwana biyu muna kamun kifi? Kafin a gama cin abinci mun zama mu takwas. Da aka zo maganar wanda zai jagoranci shiri, ya nuna ni da cokali ya ce, "Ga jikan masunci, me ake nema kuma? Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." Aka yi tafi. Ni ma na yi dariya, amma tafin hannuna ya jiƙe da gumi.

Irin wannan jirgi sunansa kayak. Asalinsa na mutanen Inuwit ne da ke can ƙuryar arewacin duniya, yankin ƙanƙara, waɗanda suke haɗa shi da itace ko ƙashi su lulluɓe da fatar dabbar ruwa, su fita farauta. Na yanzu da roba mai kauri ake yin sa. Wanda ake haya a wurare masu zafi a samansa ake zama, ba a shiga ciki, kuma yana da ramukan da ruwa ke zurarewa. Bambancinsa da kwalekwalenmu shi ne filafilinsa baki biyu gare shi, ka tsoma dama ka tsoma hagu. Ba shi da nauyi, baya buƙatar mai, yana shiga lungun da babban jirgi ba zai shiga ba. Aibinsa ɗaya: siriri ne, idan ka karkata jikinka fiye da kima, ka tsinci kanka a ruwa.

Na ɗauki aikin da gaske, ina ganin idan na cika kowa da lissafi ba wanda zai tuna ya tambaye ni abin da nake tsoro. Na sayi littafin rubutu mai shafi arba'in. Na buɗe mana zaure a WhatsApp. Na binciko hanya: a hau trotro, wato ƙaramar motar hayarsu, a bi titin Accra zuwa Aflao, a karkata a mahaɗar Kasseh, a wuce Big Ada a isa Ada Foah. Na gano cewa mutanen wurin Dangme ne, kuma yamma da garin akwai tafkin Songor da ake haƙar gishiri, wanda aka sa cikin wuraren dausayi masu muhimmanci a duniya tun 1992. Kullum ina aika musu sabon bayani, suna ta yaba mini.

Mutum ɗaya ne bai yaba ba. Wani ɗan garin Keta ne da muke aji ɗaya, Kirista, marar yawan magana, wanda mahaifinsa ke fita teku da jirgin katako. A zamanmu na biyu ya bari na gama karanto jerin kayan abinci, sannan ya ce, "Duk na ji. A cikinmu wa ya iya ruwa?" Kowa ya ɗaga hannu. Ni ma na ɗaga. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce a garinsu ba a tambayar wannan da baki. Ranar Asabar mu haɗu a wurin ninkaya na jami'a, kowa ya yi iyon mita 50 ba tsayawa, sannan ya tsaya a wuri mai zurfi na minti biyu ba tare da ya kama komai ba. Wanda ya ƙi zuwa, shi ba zai shiga jirgi ɗaya da shi ba.

Asabar ta farko na ce zazzaɓi nake yi. Ta biyu na ce ina da jarrabawar gwaji. A daren da ya biyo baya na kasa barci. Na yi tunanin in ce Innarmu ta hana ni, in zame lafiya lau da mutuncina. Na yi tunanin in tafi a haka, in dogara da rigar ruwa, ba wanda zai sani. Wannan na biyun ya fi ja na, har sai da na tuna abin da kakana ya taɓa faɗa: wanda ruwa ke ci ba ya sanin ɗan'uwa, duk abin da hannunsa ya kama da shi zai nutse. Idan jirgi ya kife da ni da abokin ɗakina, shi zan fara cafka.

Da safe bayan mun dawo daga masallaci na ce masa, "Aboki, akwai magana. Ban iya ruwa ba. Ko kaɗan." Ya tsaya da burodi a hannu yana kallona. Na zaci dariya zai yi. Sai ya zauna a bakin gado ya ce, "Kai! To ni wa zai cece ni?" Ashe shi ma bai iya ba. Ya girma a Accra, teku na nan kusa da shi, amma bai taɓa wuce inda kumfa ke taɓa ƙafa ba. Ya ɗaga hannu ne a ranar domin ya san yana tare da jikan masunci. Da muka faɗa a zauren WhatsApp, wasu biyu suka fito suka ce su ma haka, kuma Asabar ɗin da na yi ta kaucewa su ma dalilai suka ƙirƙiro. Mu huɗu cikin takwas ba mu iya ba, biyu sun ɗan iya, biyu kacal ne gwanaye. Uku daga cikinmu sun shirya shiga bakin teku ne suna jingine da ƙaryata. Har yau idan na tuna sai tsikar jikina ta tashi.

Ɗan Keta bai yi mana gori ba. Cewa ya yi a ɗaga tafiyar da mako shida. Muka riƙa zuwa wurin ninkaya sau uku a mako, mu biya kuɗin shiga daga kuɗin abincinmu. Abin da aka fara koya mana ba gudu ba ne, kwanciya ce. Ka kwanta rigingine a kan ruwa, kunnuwanka a ciki, idonka a sama, ka cika ƙirji da iska, ka saki jiki. Sai da na kwana tara kafin na yarda cewa ruwa zai ɗauke ni idan na daina kokawa da shi. Na sha ruwa ta hanci ba adadi. Yara 'yan shekara bakwai suna wuce ni suna kallona da tausayi. A mako na biyar na yi mita 50, na kama bakin bango ina haki kamar wanda kura ta koro. Abokin ɗakina ya ɗauke ni bidiyo.

Daga nan shiri ya koma na gaske, kuma abu na farko da ya canja shi ne ranar tafiya. Da, ranar da aka fara hutu kawai na zaɓa. Ɗan Keta ya ce teku ba ta san hutun makaranta ba, wata take bi. Ku da kuke darasin jogirafi kun san cewa wata da rana suna jan ruwan teku. A gaɓar Ghana ruwa yana cikowa sau biyu ya janye sau biyu a kowace rana, tsakanin cikowa da janyewa sa'a shida da 'yan mintoci, kuma kullum lokacin yana jinkirta da kusan minti 50. Idan wata ya tsaya, da kuma idan ya cika a daren goma sha huɗu, jan wata da na rana suna haɗuwa, ruwa ya cika sosai ya kuma janye sosai, gudunsa ya yi ƙarfi. Idan wata ya kwana bakwai ko takwas, ko ya kai ashirin da biyu, bambancin yakan ragu, ruwa ya yi sanyin gudu. Na ji daɗi da na gane cewa kalandar Musulunci da ke manne a bangon ɗakinmu ita ce jadawalin da muke nema. Muka zaɓi kwanakin da wata ya wuce ashirin, a lokacin hunturu, bayan damina ta ɗauke.

Muka cire Talata daga lissafi, domin a garuruwan bakin teku da yawa na Ghana masunta ba sa fita su a wannan rana, kuma bai kamata baƙo ya shiga garin mutane ya taka musu al'ada ba. Muka cire Juma'a saboda masallaci. Ya rage Asabar zuwa Litinin, 'yan'uwanmu Kiristoci uku suka ce za su yi addu'arsu ta Lahadi a bakin ruwa. Akwai kuma ruwan da ke zuwa daga sama. Kogin Volta yana ratsa madatsar Akosombo da aka gama a 1965 da ta Kpong da ke ƙasa da ita. A watannin Satumba da Oktoba na 2023, da aka buɗe madatsun saboda sun cika, ambaliya ta mamaye garuruwa irin su Mepe. Wannan ya sa muka guji ƙarshen damina gaba ɗaya.

Abu na biyu shi ne iyaka. Wurin da za mu yada zango siririn tudun yashi ne, kogi a hannu ɗaya, teku a ɗaya hannun. A bidiyo abin sha'awa ne. A zahiri, mashigar da kogi ke haɗuwa da teku ita ce wuri mafi haɗari, musamman idan ruwa na janyewa, domin gudun kogi da na teku suna haɗuwa su yi waje, su ci karo da igiyar ruwa. Muka rubuta doka: jirginmu ba zai taɓa teku ba, ba zai kusanci mashiga ba, cikin kogi kawai tsakanin tsibirai. Za mu fita da sassafe lokacin da ruwa ke cikowa, ta yadda ko filafili ya suɓuce wa mutum, ciki ruwan zai tura shi, ba waje ba. Mu dawo kafin ƙarfe 11, domin da rana ta take iska takan taso daga teku ta dagula ruwa. Bayan ƙarfe 5 na yamma ba mai shiga jirgi. Sannan za mu ɗauki hayar masunci ɗan gari da jirginsa mai inji ya riƙa bin mu. Wasu suka ce wannan ɓarnar kuɗi ce. Ɗan Keta ya ce shi ma da ya girma a bakin teku baƙo ne a Ada, kowane ruwa da halinsa.

Rigimar da ta kusa wargaza mu a kan kuɗi aka yi ta. Kowa ya ba da sidi 500, aka tara 4,000 a hannun wani ɗan Tamale da muka amince da riƙonsa. Muka ware kashi ɗaya cikin goma muka ce ba za a taɓa ba sai ta ɓaci. Mako biyu kafin tafiya ni da ɗan Keta muka je Ada da kanmu mu ga kaya da ido. Jirage huɗu masu ɗaukar mutum bibbiyu lafiyarsu lau. Amma da mai hayar ya fito da rigunan ruwa, biyar ne kawai masu kyau. Sauran ukun igiyoyinsu sun tsinke, sosonsu ya lotse, ɗaya an ɗaure ta da zare. Ya ce mana ba komai, kowa da su yake shiga. Muka dawo muka ce sai an sayi sababbi uku, kuɗinsu kuma daidai yake da wanda aka ware wa naman gashi da hayar lasifikar kiɗa. Aka yi ta cacar baki har tsakar dare. Wani ya ce tunda mun koyi iyo, rigar me? Na ce masa mita 50 a ruwa mai tsabta mai bango huɗu ba ɗaya take da kogi mai gudu ba, kuma wanda filafili ya buga a ka, iyawarsa ba ta da amfani. Aka kaɗa ƙuri'a, biyar da uku. Naman gashi ya koma sadin na gwangwani.

Sauran lissafin ya zo da sauƙi. Ruwan sha lita 4 ga kowane mutum a rana, mu takwas kwana uku, lita 96 ke nan. A Ghana jakar ruwan leda guda 30 ce, kowace rabin lita, wato lita 15, don haka muka sayi jaka bakwai. Garin rogo, shinkafa, yajin shito, albasa, gawayi. Tanti biyu da gidan sauro. Malafa da riga mai dogon hannu ga kowa, domin hasken rana da ke dawowa daga ruwa yana ƙona mutum ko da hazo. Usur a maƙale a kowace rigar ruwa. Waya a cikin leda biyu a cikin roba mai murfi. Akwatin magani da bandeji da ƙunshin gishiri da sukari da filaya ta cire ƙugiya idan ta soki mutum. Muka yi wa juna gargaɗi a kan tsargiya, wadda ake ɗauka a kwantaccen ruwa mai ciyawa inda dodon koɗi ke zama, kuma akwai ta a yankin Volta kamar yadda take a garinmu. Kowane jirgi mutum ɗaya da ya fi iya ruwa da ɗaya sabon koyo. Muka rubuta sunayenmu da lambobin iyayenmu da lokacin dawowarmu muka bar wa yayan abokin ɗakina, tare da 112, lambar neman agajin gaggawa a Ghana. Wani ɗan Zariya da ya fi mu karatun addini ya tabbatar mana cewa ruwan teku yana alwala, kuma nisan tafiyar ya kai na kasaru.

Abu ɗaya ya rage da ba ya cikin littafin, shi ne Innarmu. Abokai suka ce kada in faɗa mata, in na dawo na ba ta labari. Amma na riga na ga inda ɓoye magana ya kusa kai mu. Na kira ta bayan isha'i, na gaishe ta, na yi ta kewaye-kewaye, sannan na faɗa. Ta yi shiru har na duba ko layi ya yanke. Can ta ce, "Sanar da ni kake yi, ko izini kake nema?" Na ce, "Izini nake nema, Inna. In kin ce a'a, na fasa." Da gaske nake, ko da yake ban san da wane ido zan kalli mutum bakwai ba. Ta ce in ba ta kwana biyu. Na tura bidiyon iyona ta wayar ƙanwata.

Kashegari kakana ya kira. Ya fara da tsokana kamar kullum: "Abokina, an ce ka je ƙasar mutane ka koyi abin da ke bayan gidanku, har da biyan kuɗi?" Sannan ya sauya murya. Ya ce idan na isa, in zauna in kalli ruwan na tsawon lokaci kafin in taɓa shi, in ga inda yake kai ganye. Ya ce kada in kuskura in naɗe zaren fatsa a hannu ko in ɗaura shi a jiki, domin babban kifi yana jan mutum, kuma wuƙa ta kasance inda hannu zai kai. Ya ce idan jirgi ya kife kada in bar shi in nufi gaɓa, jirgin da ya kife ma jirgi ne. Ya ce abin da ɗan gari ya hana, ko ban ga dalili ba, in bari. Na rubuta su a shafin ƙarshe na littafina.

Inna ba ta yi doguwar magana ba, kun san ɗan fari da uwa. Ta ce, "Ka je. Ka kira ni da asuba, ka kira ni da magariba. Rigar nan kada ka cire ta." Daga baya ƙanwata ta gaya mini cewa ta kalli bidiyon ya fi sau goma, ta kuma ce da an koya wa ƙanenta ko rabin wannan, da yanzu yana da jikoki.

Mun tafi. Da yammar farko masuncin da muka ɗauka, wani dattijo mai furfura da muke kira Baba, ya sa kowannenmu ya kifar da jirginsa da gangan a wuri marar zurfi, ya juyo da shi, ya hau. Ya nuna mana wasu kwakwa uku a jere ya ce nan ne iyakarmu. Ya sa muka matsar da tanti can sama da layin da ruwa ke barin shara, ya kuma hana mu hura wuta ko haska tocila a gefen teku, domin lokacin ne kunkurun teku ke fitowa da dare su yi ƙwai a yashi, kuma dokar Ghana ta hana kama su ko ɗibar ƙwansu. Da asuba muka ga sawun ɗaya, faɗinsa kamar na tayar tarakta, ya fito daga ruwa ya koma.

Maganar kifi kuwa, kada ku tambaya da yawa. A kwana biyu, mu takwas, karfasa shida muka kama da tarwaɗa ɗaya. Sauran da muka gasa a hannun matan gari muka saya. Tarwaɗar tawa ce, kuma ita ce ta kayar da ni. Da na ji ta ja, murna ta sa na manta komai, na leƙa gefe in ɗago ta, sai ga sama ta koma ƙasa. Ruwan ya rufe kaina, na ji ɗanɗanon gishiri-gishiri a bakina, tsohon tsoron nan ya taso gaba ɗayansa. Kafin in yi wani abu rigar ta ɗago ni. Na kwanta rigingine kamar yadda aka koya mini, na ja numfashi, na miƙa hannu na kama jirgin. Ɗan Keta da muke tare ya riga ya fito a ɗaya gefen yana tambayata ko lafiya. Baba ya iso da jirginsa cikin minti ɗaya. Zaren yana ɗaure a jikin jirgi, ba a hannuna ba, kuma tarwaɗar tana nan.

Da magariba na kira gida. Na yi niyyar in tsallake wannan ɓangaren, sai na fasa, na faɗa mata duka. Ta ce, "Rigar tana jikinka?" Na ce tana nan. Ta ce, "Alhamdu lillahi. Ka ci abinci?"

Ƙannena, na san da yawanku kuna zaune kusa da kogi ko dam ko kududdufi, wasunku ma sai sun hau kwalekwale kafin su isa makaranta ko kasuwa. Idan ba ku iya ruwa ba, ku faɗa da bakinku kafin a shiga, ko da za a yi muku dariya, domin wataƙila na kusa da ku da ku ya dogara. Ku nemi babba da ya iya ya koya muku a wuri marar zurfi, da sanin iyayenku. Idan an ba ku rigar ruwa ku ɗaura ta har igiyar ƙarshe.

Riguna ukun da muka saya, da aka zo rabon kaya, na roƙi abokaina suka bar mini biyu na biya su kuɗin. Suna cikin akwatina, da su zan je gida hutu mai zuwa. Na gaya wa kakana ɗaya tasa ce. Ya yi dariya ya ce shi da ruwa sun san juna tun kafin a haifi ubana, amma in kawo, akwai yaron da ke tuƙa masa jirgi. Ɗayar kuma ƙanwata ta riga ta ce tata ce, kuma Inna ta ji ba ta ce komai ba.